Zana Rabi, Kwamfuta Ta Cika Rabi: Yadda Ake Fitar da Zanen Ɗinki Cikin Sauri

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin domin waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake.

Yau maganar ɗinki za mu yi, amma ba a kan keke ba, a kan kwamfuta. Ina magana ne da teloli matasa, maza da mata, da masu koyon zanen kaya, da ku 'yan shagon kwamfuta da kuka iya CorelDRAW amma ba ku taɓa zana komai da shi ba sai katin biki da bana.

Duk wanda ya san Dutse a makon jajibirin Sallah ya san rigimar da ake yi a shagunan teloli. Mutum ya je Kantin Kwari a Kano ya yanko shadda mai tsada, ya kawo wa tela, ya nuna masa hoto a waya ya ce irin wannan nake so. Hoton kuma na wani ne a wurin biki, ya tsaya a karkace, hannunsa ɗaya a aljihu, waya ta rufe rabin ƙirjinsa. Bayan rigar ba a gani, gefe ba a gani. Tela ya cika sauran da tunaninsa. Ranar karɓa sai ka ji ana cewa ai ba haka na ce ba. To shadda dai an riga an sa mata almakashi, ba ta komawa.

Maganin wannan rigima shi ne abin da masu sana'ar tufafi a duniya suke kira filat, ni kuma nake ce masa shimfiɗaɗɗen zane.

Mene ne shimfiɗaɗɗen zane?

Ɗauki kaftani ka goge shi, ka shimfiɗa a kan tabarma, ka tsaya a kansa ka kalle shi daga sama. Abin da idonka ya gani, shi za ka zana. Babu mutum a ciki, babu fuska, babu inuwa, babu iska tana kaɗa riga. Baƙin layi ne a kan farar takarda, gaba da baya, kuma duk inda allura za ta bi sai ya fito: kafaɗa, wuya, kalmasa, aljihu, tsaga, gidan maɓalli.

Kada a haɗa shi da abubuwa biyu. Akwai zanen ƙawa, wanda ake zana doguwar mace mai siririn wuya sanye da riga mai jan ƙasa. Wannan na talla ne. Akwai kuma faton, wato takardar da ake ɗorawa a kan yadi a yanka. Yawancin telolinmu ma ba sa aiki da faton, da alli da tef suke zane a jikin yadi kai tsaye, kuma sun ƙware. Shimfiɗaɗɗen zane yana tsakiyar waɗannan biyun. Shi ne yarjejeniyar da mai kaya da mai zane da mai yanka suke kallo su ce e, wannan muke nufi. Gani ya kori ji.

Me ya sa sai bekta?

Hotuna a kwamfuta iri biyu ne. Wanda wayarka take ɗauka ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi, shi ya sa in ka buɗa shi sosai yake dishewa. Shi kuwa zanen bekta lissafi ne. Kwamfuta tana riƙe cewa layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa haka, ya sauka can. Ka mayar da shi girman akwatin ashana ko girman allon talla, kaifinsa ɗaya.

Asalin lissafin ma daga masana'antar mota ya fito, a Faransa. Paul de Casteljau ya yi aiki a kansa a kamfanin Citroën a 1959, sannan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin Renault, ya yaɗa shi a shekarun 1960 wajen zana jikin mota. Da sunan Bézier ake kiran irin wannan lanƙwasa har yau. Lissafin da ya fitar da ƙugun mota, shi ne zai fitar maka da hammatar riga.

Amfaninsa gare mu guda uku ne. Kowane layi za ka iya kama shi ka gyara ba tare da ka goge sauran ba. Fayil ɗin ba shi da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗauka. Na uku, wanda shi ne zuciyar shirin yau, abin da ka zana sau ɗaya ba ka sake zana shi.

Wace manhaja?

Uku ne a gabanmu. Adobe Illustrator ta fito a 1987, ita ce manyan kamfanonin tufafi suka fi aiki da ita, amma biyan kuɗinta ake yi wata-wata ko shekara-shekara. CorelDRAW ta fito a 1989 daga Kanada, ita ce ta cika shagunan buga takardu a Najeriya, don haka a Dutse ko Birnin Kudu ba za ka rasa wanda zai nuna maka hanya ba. Inkscape kuma ta fara a 2003, kyauta ce, in ka sauke ta sau ɗaya ba ta neman intanet.

Shawarata: in ka riga ka iya Corel, zauna a kanta. In yanzu za ka fara kuma aljihu babu nauyi, ɗauki Inkscape. Tela ba zai taɓa tambayarka da wace manhaja ka yi zane ba.

Mataki na farko: awo kafin zane

Telolinmu da inci suke awo, don haka mayar da ma'aunin shafinka zuwa inci. Sannan ka ɗauki ƙa'ida ɗaya ka riƙe: inci 10 a jikin yadi, inci 1 a kan allo. Kaftani mai tsawon inci 42 zai zama 4.2. Hannu mai inci 24 zai zama 2.4.

Faɗi ne yake rikita masu koyo. A ce ƙirjin mutum 40 ne, tela ya ƙara 6 don walwala, ya zama 46. Wannan zagaye ne. In aka shimfiɗa rigar, rabinsa kake gani, wato 23. Tunda kuma rabin riga za mu zana, 11.5 ke nan, wanda a allo ya zama 1.15.

Ja layin jagora ɗaya a tsaye, shi ne tsakiyar riga. Ja wasu a kwance: kafaɗa, hammata, inda tsaga za ta fara, da ƙasan riga. Kulle su don kada hannunka ya ture su. Wannan aikin minti biyar ne, kuma shi ne yake hana a zana riga mai kyau a ido wadda ba ta yi kama da abin da zai fito daga keke ba.

Mataki na biyu: turke da linzami

Kayan aikinka alƙalami ne. A Illustrator harafin P ne yake kiransa, a Inkscape harafin B. Duk inda ka danna, ka kafa turke. In ka danna ka ja ba ka saki ba, sai wasu siraran sanduna biyu su fito daga turken, su nake kira linzami, da su ake juya lanƙwasar layi.

Ga sirrin sauri: rage turaku. Sabon shiga yakan kafa turke goma a zagayen wuya, sai layin ya fito kamar hanyar da ruwa ya cinye. Rabin zagayen wuya turke biyu ya ishe shi, ɗaya a kafaɗa ɗaya a tsakiya, linzami ya yi sauran. Hammata ma biyu, in ta yi yawa uku. Kafa turke kawai a inda layi ya canza alkibla.

Sannan turken da yake kan layin tsakiya, linzaminsa ya kwanta sambal. In ya ɗan karkace, idan ka haɗa ɓangarorin biyu sai wuyan ya yi tsini a tsakiya, tela kuma ya ɗauka wuya mai tsini kake so. Don layi ya miƙe, riƙe Shift a Illustrator, ko Ctrl a Inkscape da Corel. Gyaran turke kuma da harafin A ne a Illustrator, N a Inkscape, F10 a Corel.

Mataki na uku: zana rabi

Daga tsakiyar wuya ka tashi, ka bi kafaɗa, ka sauka hammata, ka gangara gefe, ka dawo tsakiya ta ƙasa. Hannu ka zana shi daban, kada ka haɗe shi da jiki, domin gobe za ka so ka cire shi ka sa wani.

Yanzu kwamfuta ta cika. A Inkscape, Ctrl da D ya kwafa, harafin H ya juya, sai ka matsar da shi ya haɗu a layin tsakiya. Wanda ya fi wannan daɗi ma shi ne Alt da D: abin da yake fitarwa kamar inuwar na farko ne, in ka juya shi, duk gyaran da ka yi a hagu sai ya bayyana a dama nan take. A Illustrator, harafin O, ka riƙe Alt ka danna layin tsakiya, ka zaɓi kwafi, sannan ka haɗe bakunan da Ctrl da J. A Corel, Ctrl da D sannan maɓallin madubi da yake saman allo. Fitowar 2018 zuwa sama ma tana da tsarin da kana zana gefe ɗaya ɗayan yana fitowa.

Bayan riga ba sabon zane ba ne. Kwafi gaban, cire aljihu da maɓallai, ɗaga wuyan sama, ƙara ɗinkin kafaɗar baya in akwai. Shi ke nan.

Amma fa a kula, madubi ba ya aiki a ko'ina a kayanmu. Babbar riga misali ce: jikinta daidai yake hagu da dama, amma aikinta ba haka yake ba. Aljihu da askake, ko aska biyu ce ko aska takwas, suna ɓangaren hagu ne na mai sawa. Haka aljihun ƙirjin kaftani. Saboda haka jiki kawai za ka juya, sai ka gama ka ɗora aiki da aljihu. Kuma ku riƙe wannan da kyau: hagun mai sawa, a zanen gaba, damarka ce kai mai kallo. Rubuta "hagun mai sawa" ƙarara a gefen zanen, kada a manna aljihu a inda ba nan ba.

Mataki na huɗu: layi ma yana magana

Kada duk layukanka su zama kauri ɗaya. Ni uku nake aiki da su. Mai kauri 2 na zagayen riga. Mai kauri 1 na inda aka haɗa ƙyalle biyu, kamar kafaɗa da hammata. Siriri mai 0.5 wanda aka tsittsinka shi ne sawun allura da ake gani a waje, kamar na kalmasa da bakin aljihu. Allura biyu, layi biyu. Tattara kuma gajerun siraran layuka ne masu tasowa daga wurin haɗi.

Ba ka zana layin kalmasa da hannu. Kwafi layin ƙasan riga, matsar da shi sama kaɗan daidai faɗin kalmasar, mayar da shi tsinkakke. Lanƙwasarsu za ta zo ɗaya ba tare da wahala ba.

Raba aikinka hawa-hawa: layukan jagora a ƙasa, jiki a samansu, sai sawun allura, sai aiki da maɓallai, rubutu a can sama. In kana taɓa hawa ɗaya, kulle sauran. Kuma yatsanka ya saba da Ctrl da S, kun dai san halin wuta.

Mataki na biyar: gina rumbunka

To, nan ne ake rabuwa tsakanin wanda yake kwana a kan zane ɗaya da wanda yake gamawa kafin kwastoma ya shanye ruwan da aka ba shi.

In ka shiga intanet neman samfurin da aka riga aka zana, za ka samu shet da kwat da wandon jins jibgi guda. Nemi jamfa ko 'yar ciki ko wando mai ƙubaka da zariya ka gani, da ƙyar. Wannan giɓi ne, kuma dama ce. Kayanmu mu ne za mu zana su.

Buɗe fayil ɗaya ka sa masa suna Rumbu. A ciki ka jera jikkuna: kaftani dogo, jamfa, babbar riga, doguwar rigar mata, riga da siket, hijabi, wando. A wani gefen wuyoyi: zagayayye, mai tsaye, mai tsaga, mai kwala. Hannaye: sake, mai links, gajere, mai tattara, mai buɗaɗɗen baki. Aljihuna, zif, maɓallai, da 'yan zanen aikin wuya. Kowanne ka ɗaure shi da Ctrl da G don ya tafi tare, ka ba shi suna.

Sharaɗin guda ɗaya ne: duk a kan ma'auni ɗaya za a zana su, kuma a kan jiki ɗaya. In ka kiyaye wannan, kowane wuya zai hau kowace riga ba sai ka yi ta ja ba. Yi lissafi da kanka: jiki 3, wuya 5, hannu 4, in ka cuɗanya su sitayil 60 ke nan daga abubuwa 12 kacal da ka zana.

Duk ranar da aka kawo maka sabon salo, kada ka rufe kwamfuta sai ka kwafi sabon abin ka jefa a rumbu. Bayan wata shida za ka tarar yawancin aikinka ɗauko-ka-manna ne. Ajiye kwafin rumbun a filashi ko a imel, domin shi ne jarinka, ya fi laftof ɗin kanta daraja.

Launi da atamfa

Tela baƙi da fari yake buƙata, launi yana ɓoye masa layi. Kwastoma kuwa launi yake son gani. Don haka fitar da biyu daga zane ɗaya. Shimfiɗa atamfar ko leshin, ajiye tef ɗin awo a kai, ɗauki hoto a inuwa mai haske. Shigo da hoton, rage shi har inci 10 na tef ya zama inci 1 a allo, sannan ka cusa shi cikin jikin rigar. A Corel da PowerClip ake yi, a Illustrator Ctrl da 7. Tef ɗin nan yana da muhimmanci: in fure ya kai faɗin tafin hannu biyu a yadi amma a zanenka ya fito kamar ƙwandala, ka yi wa mai kaya alƙawarin abin da ba za ta gani ba.

Takardar da za ta je shago

Zane kaɗai bai gama aiki ba. A shafi ɗaya ka sa gaba da baya gefe da gefe. Abin da ya yi ƙanƙanta, kamar bakin hannu ko aikin wuya, ka kwafe shi ka ƙara masa girma a cikin da'ira. Tunda bekta ne ba zai dishe ba. Ja kibiyoyi ka yi bayani da Hausar da tela yake ji: tsaga inci 12, kalmasa inci 1, maɓalli 4, a sa shafi, zare kalar yadi. A ƙasa jadawalin awo, irin yadi, kwanan wata, da ranar karɓa.

Fitar da shi a PDF, ka tura ta WhatsApp a matsayin takarda. In ka tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, siraran layukan allura su ɓace. Sannan mai kaya ya duba ya amsa da bakinsa ko a rubuce kafin almakashi ya taɓa yadi. In an canza wani abu, canza kwanan watan, kada tsohuwar takarda ta ci gaba da yawo.

Inda abin ya fi biya shi ne aiki mai yawa. Ɗauki ankon biki na mata 30, wasu a Dutse, wasu a Kiyawa, wasu a Jahun, kowacce da telanta. Ko yunifom ɗin makaranta da aka raba wa shago uku saboda lokaci ya ƙure. Ko rigunan ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse. Takarda ɗaya in ta je hannun kowa, aljihu zai zauna wuri ɗaya, tsawon hannu ya zo ɗaya. Mai makaranta da ya ga ka zo da irin wannan takarda, wani kuma ya zo da bayanin baki, ka san wanda zai fi natsuwa da shi. Ku 'yan shagon kwamfuta, wannan aiki ne da za ku iya yi wa teloli a biya ku, ko ba ku taɓa taka keke ba.

Abin da zanen ba zai yi ba

Kada wani ya je ya ce na ce kwamfuta ta maye gurbin tela. Zane ba ya yanka, ba ya sanin yadda shadda take tsayawa ko yadda leshi yake zubowa. Wanda bai san yadda ake haɗa riga ba zai iya zana abin da ba ya ɗinkuwa: riga matsattsiya babu zif babu tsaga, ta ina za a shiga? Don haka in kai ɗan kwamfuta ne, nemi dattijon tela a unguwarku, gaishe shi, ka ce Baba ina so in ga cikin riga. Juya ta bai-bai ka ƙirga ƙyallayen da aka haɗa. In kuma ke tela ce, kin riga kin fi mai kwamfuta da rabin ilimin, alƙalamin kawai ya rage miki.

Haka kuma zanen bekta ba ya shiga injin aikin kwamfuta kai tsaye. Sai an mayar da shi sawun allura, da manhaja irin su Wilcom, ko Ink/Stitch wadda ake ɗorawa a kan Inkscape kyauta. Sai dai in layinka tsaf yake, mai yin wannan aikin zai gama da wuri kuma zai gode maka.

Aikin wannan makon

Ɗauko riga ɗaya daga cikin kayanka, wadda ta fi sauƙi. Shimfiɗa ta, auna wuri shida: tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, bakin hannu, wuya. Raba kowanne da 10. Zana rabi, juya, fitar da baya, sa sawun allura. Duba agogo ka rubuta lokacin da ka ɗauka. Na farko zai ci maka lokaci, kada ka damu. Washegari canza mata wuya da hannu kawai, ka sake duba agogo. Daga nan kai ta wurin tela ba tare da ka ce komai ba, ka tambaye shi me ya gani. Duk abin da ya tambaye ka, shi ne abin da zanenka bai faɗa ba, koma ka ƙara shi.

A shiri na gaba za mu ɗauki babbar riga ita kaɗai, mu bi ta daga wuya har ƙasa, mu ga yadda ake zana askake a jera su daidai. Kafin nan, ku gaida mutanen gida, ku tura wa telan unguwarku wannan rubutun.